TAFIYAR MASU WASA CIKIN HUNTURU

Jawabi ga ɗaliban ajin manya da shugabannin makaɗa da direbobi, a Jahun

 

Maganar da ta tara mu yau ita ce tafiyar masu wasa cikin hunturu. Watau idan an gayyaci makaɗi ko mawaƙi, ko 'yan dambe, ko 'yan wasan kwaikwayo zuwa wani gari, ranar tafiya ta zo, aka wayi gari hazo ya rufe ƙasa, iska tana kaɗawa, sanyi yana ratsa ƙashi, shin a tafi ko kuwa a zauna? Wa ke da ikon yanke wannan magana? In kuma an zauna, wa zai ɗauki hasara? Za mu bi tambayoyin nan ɗaya bayan ɗaya.

Abin da ya sa maganar ta ke da wuya

Kowa ya sani mai wasa ba shi da kasuwa sosai da damina, gama jama'a suna gona, aljihu kuwa babu kome. Sai an yi girbi, an kai gero da dawa rumbu, an sayar da riɗi da zoɓo, kuɗi sun shigo hannun talakawa, sa'an nan bukukuwa su ke tashi. Daga nan Jahun zuwa Aujara da Harbo da Gunka, har Miga da Kiyawa da Dutse, da wuya mako ya wuce ba a ɗaura aure ba, ko a yi naɗin sarauta, ko a buɗe filin wasa. Tun zamanin kakanninmu haka abin ya ke. Da kaka mahauta su ke fita yawon dambe gari gari, da kaka a ke kalankuwa, da kaka samari su ke kokawa a dandali. Abin da mai kalangu ya tara daga Nuwamba zuwa Fabrairu, da shi zai riƙe gidansa wata da watanni. To, waɗannan watanni kuwa su ne na hunturu. Lokacin samu da lokacin haɗari sun zo tare, shi ya sa ba mu iya ce wa mutum ya zauna gida kurum mu wuce.

A da, a ƙasa a ke tafiya, ko bisa jaki, ko bisa doki. In hazo ya yi yawa, iyakar abin da zai faru shi ne a ɓata hanya, a kwana wani ƙauye. Yanzu kuwa a kan cika bas ko a-kori-kura da mutane da ganguna da lasifika da janareta, a hau kwalta da gudu, wasu kuma su hau babur su uku har da kaya. Hazon bai sake ba, tafiyar ce ta sake.

Ga kuma wani abu da ya kamata ku lura da shi. Shekarar Musulunci ta gaza ta Bature da kamar kwana goma sha ɗaya, saboda haka kowace shekara Sallah tana matsowa baya. A 2025 an yi Ƙaramar Sallah a ƙarshen watan Maris. A 2030 za ta faɗo farkon Fabrairu, a 2033 kuma farkon Janairu, in Allah ya kai mu. Watau shekaru masu zuwa wasannin Sallah, waɗanda su ne suka fi kawo kuɗi, za su riƙa faɗowa tsakiyar hunturu. Gara mu shirya tun yanzu.

Inda hazo ya ke fitowa

Hazo ƙura ce mai laushi ƙwarai, wadda iskar arewa maso gabas ta ke ɗaukowa daga hamada. Yawancin wadda ta ke zuwa mana daga wani kwari ta ke tashi a arewacin ƙasar Cadi, ana kiransa Bodele. A zamanin da can wurin nan ƙarƙashin ruwan babban tafki ya ke. Da ruwan ya janye sai ya bar farar ƙasa kamar gari, iska kuwa in ta bi ta tsakanin duwatsun da ke wurin sai ta yi ƙarfi ta kwashe ta sama. Daga can zuwa ƙasarmu ƙurar ta kan yi kwana ɗaya ko biyu a hanya.

Wannan kwana ɗaya ko biyu yana da amfani gare mu, domin shi ya sa a ke iya sanin zuwan hazo tun bai iso ba. Hukumar kula da yanayi ta ƙasa, wadda a ke kira NiMet, tana samun labarin tashin ƙura daga Cadi da Nijar, sai ta ba da gargaɗi, gidajen rediyo su karanta, masu waya kuma su gani a wayarsu. In kun ji an ce ganin nesa zai kasa mita 1,000, watau kilomita ɗaya, to hazo mai kauri ke nan. Saboda haka shugaban da zai fita da jama'arsa ranar Asabar, tun ranar Alhamis ya kamata ya kasa kunne.

Lissafin direba

Yanzu bari mu yi ɗan lissafi tare. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin mita 28 kowace daƙiƙa. Daga sa'ad da direba ya hangi abu gabansa zuwa sa'ad da ƙafarsa ta taka burki, ya riga ya ci kamar mita 40. Kafin motar ta tsaya cik, a kan kwalta mai kyau da taya mai kyau, ya ci kusan mita 100. In kuwa gudun 50 ya ke yi, mita 35 ko 40 sun ishe shi tsayawa. Kun ga rage gudu da rabi ya rage filin tsayawa da fiye da rabi.

To, da rana, ko da hazo, direba mai hankali ya kan ga abin da ya fi mita 100. Babban haɗari da dare ya ke. Fitilar da ke haska ƙasa ba ta kai mita 100 ba, wadda ke haska nesa kuwa in an kunna ta cikin hazo, ƙura ce za ta mayar wa direba da hasken a ido, ya ga fari fat kamar an shimfiɗa masa alawayyo. Ku tuna kuma da abin da ke bisa hanyoyinmu da kaka. A hanyar Kiyawa zuwa Jahun zuwa Gujungu akwai amalanken shanu ɗauke da kara ko dami, ba fitila gaba, ba fitila baya. Akwai garken shanu masu ƙetare hanya. Akwai babbar mota da ta lalace aka bar ta bisa kwalta, aka jera ganye maimakon alama. Akwai hayaƙin masu ƙona daji. Direban da ke gudun 100 cikin dare irin wannan, duk abin da ya gani ya riga ya buge shi.

Sa'an nan ga gajiya. Yaushe a ke tashi daga wasa? Ƙarfe ɗaya ko biyu na dare. Direba ya kwana zaune yana jira, sanyi ya kama shi, an rufe gilas duka, ɗumi ya taru cikin mota, barci ya zo. Goro da shayi ba su biyan bashin barci, ƙwayoyin hana barci kuwa su kan buɗe ido su rufe hankali.

Labaru uku

Za mu ba ku labaru uku, dukansu sun faru.

Na fari a Amurka ne, cikin 1959. A can sanyinsu ya fi namu nesa, har ruwa ya kan daskare, ƙanƙara mai laushi ta riƙa zuba kamar auduga. Wasu masu shirya wasa suka tsara wa waɗansu samarin mawaƙa gari 24 cikin kwana 24, tsakiyar sanyin nan, garuruwan kuwa suna nesa da juna. Abin ɗumama bas ɗinsu ya lalace, har sanyi ya cinye wa mai kiɗan gangarsu ƙafafu aka kwantar da shi asibiti. Babban mawaƙinsu, Badi Holi, mai shekara 22, ya gaji da wahalar bas, sai ya yi hayar ƙaramin jirgin sama don ya riga saura isa gari na gaba ya huta. Suka tashi wajen ƙarfe ɗaya na dare, ran 3 ga Fabrairu, a jihar Ayowa, ƙanƙara tana zuba. Matuƙin yaro ne mai shekara 21, bai riga ya sami izinin tuƙi cikin duhun da ba a ganin kome sai allurar jirgi ba, kuma ba a gaya masa dukan gargaɗin da aka bayar game da yanayin daren ba. Ba su ci kilomita goma ba jirgin ya faɗi cikin gona. Mawaƙa uku da matuƙi duka suka mutu, ƙaraminsu shekararsa 17. Abin da mu ke so ku riƙe shi ne wannan: a daren ranar, a garin da za su, ba a fasa wasa ba. Aka nemo waɗansu samari na kusa suka hau dandamali, jama'a suka yi kallo.

Na biyu a Kano ne, ran 22 ga Janairu 1973. Jirgin alhazai ya taso daga Jidda za shi Ikko, yanayi ya ɓaci a can, aka juyo da shi Kano, ya tarar da iska mai ƙarfi. Wajen sauka ya yi haɗari ya kama wuta. Cikin mutum 202 da ke ciki, 176 suka rasu. Dattawa da yawa a nan suna tune da ranar. Har yanzu kowace shekara in hazo ya yi kauri, a kan dakatar da tashi da saukar jirage a filin jirgin Malam Aminu Kano, manyan mutane da attajirai su zauna bisa kujera suna jira. Ba mu taɓa jin an ce da matuƙin jirgi matsoraci don ya ƙi tashi ba. Don me za a ce da direban bas haka?

Na uku ya fi kusa da mu. Ran 1 ga Janairu 2007, cikin kwanakin Babbar Sallah, Ahmad S. Nuhu, ɗan wasan fim ɗin Hausa da yara da manya suka sani, ya rasu a haɗarin mota wajen Azare, yana cikin tafiyar wasan Sallah. Hanyar nan ita ce wadda ta taso daga Kano ta bi ta Shuwarin, kusa da Dutse, wadda makaɗanmu su ke hawa kullum. Allah ya jiƙansa, ya jiƙan dukan musulmin da suka riga mu. Mun kawo shi ne don ku ga rabin sana'ar mai wasa bisa hanya ta ke, suna da farin jini kuwa ba su tsare kowa a can.

Wa ke yanke magana

Mun zauna da makaɗa da yawa, mun tambaye su abin da ya kan fitar da su cikin mugun dare. Amsar ba ta wuce biyu. Ta fari kuɗin kafin alƙalami: an karɓa, an kashe, ba abin mayarwa. Ta biyu kunya: kada a ce wane ya saɓa alkawari, gobe a kira wani. Dukansu dalilai ne na gaskiya, alkawari kuwa kaya ne. Amma ku lura, duka biyun a ranar tafiya su ke da ƙarfi, sa'ad da mai biki ya ke bugo waya yana cewa jama'a sun taru, amarya tana jira. Mutumin da a ke yi wa wannan kira ba ya iya auna kome daidai. Saboda haka shawararmu ita ce a yanke maganar tun ranar da a ke ƙulla ciniki, lokacin da hankalin kowa ya ke kwance.

Ga yadda mu ke ganin ya kamata a raba ikon. Maganar hanya ta direba ce. In ya ce ba ya gani, an gama, kada shugaba ya ce zai ƙara masa kuɗi, kada yara su yi masa dariya. Maganar jama'a ta shugaba ce, amma kafin ya yanke sai ya tambayi na bayan mota. Shi yana gidan gaba, gilas a rufe, da rigar sanyi. 'Yan amshi da masu ɗaukar kaya su ne ke zaune bisa lasifika a bayan a-kori-kura, iska tana dukansu. A watan Disamba da Janairu sanyin asuba ya kan sauka har kusa da digiri 10, wanda kuwa ke bayan buɗaɗɗiyar mota ko bisa babur, abin da jikinsa ke ji ya fi haka tsanani. Haka kuma mata masu kiɗan ƙwarya da 'yan amada, sau da yawa da goyo a bayansu, ƙura da sanyi kuwa su kan ƙara wa jariri haɗarin kamuwa da ciwon haƙarƙari. Yaron da ya ce ba za shi ba saboda hazo, kada a kore shi daga ƙungiya.

Don kada a tsaya gardama, kowace ƙungiya ta sami ma'auni. Ran da gari ya ke garau, ku tsaya bakin tasha ku zaɓi alama biyu. Ɗaya mai nisan kilomita guda, kamar dogon ƙarfen waya ko tankin ruwa. Ɗaya kuma ta kusa, kamar wata kuka ko tsamiya, mai nisan taku 270, watau kamar mita 200. Ranar tafiya, in ana ganin duka biyu, a tafi. In ta nesa ta ɓace, a tafi da rana kaɗai, da hantsi, a hankali, a isa kafin la'asar, gama a watannin nan rana tana faɗuwa wajen ƙarfe shida. In ta kusa ma ta ɓace, a sauke kaya. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Kome kyan gari kuma, muddin hunturu ne, in an tashi daga wasa da tsakar dare a kwana can, sai gari ya waye a komo.

Takardar alkawari

Mai biki shi ma yana da nasa kaso cikin wannan al'amari, domin shi ya kira mutane su bar gidajensu. Hanyar da za a kawar da rigimar kuɗi ita ce a rubuta takarda, kowa ya riƙe tasa. Ba ta bukatar lauya. Ga misali:

"Ni wane, shugaban makaɗa na gari kaza, na yi alkawari da wane na gari kaza zan zo wasa ran kaza ga wata kaza, a kan Naira 100,000. Na karɓi Naira 30,000 kafin alƙalami. Mai biki zai ba mu masauki mu kwana. Idan hazo ko iska suka hana tafiya, zan sanar da shi kafin azahar, sa'an nan mu sa wata rana cikin mako biyu. In ba a sami wata rana ba, zan mayar masa da rabin abin da na karɓa."

Sai su sa hannu, shaidu biyu su sa, in da hali a gaban mai unguwa. Kuɗin da muka ambata misali ne kurum, kowa ya sa nasa, rabon hasarar ma ku daidaita yadda kuka ga ya yi muku. Abin da ba a so a bari shi ne sharaɗin hazo da na masauki. Shugaba kuma ya daure kada ya taɓa rabin kafin alƙalamin nan sai an yi wasa. Mutumin da kuɗin mayarwa ke aljihunsa, bakinsa ba ya nauyi wajen cewa ba za shi ba.

Ku masu biki, muna roƙonku abu biyu. Ku riƙa fara wasa da wuri cikin hunturu. Kuma in makaɗi ya aiko cewa hanya ba ta biyuwa, kada ku ɓata masa suna a gari. Aure ya ɗauru ko da kiɗa ko babu.

In za a tafi

Ran da aka ga za a iya tafiya, a duba burki da fitilu gaba da baya, a wanke gilas. A duba taya: a gefen kowace taya akwai lamba huɗu a jere, biyun fari mako ne, biyun ƙarshe shekara. In kun ga 2319, an yi ta a mako na 23 cikin 2019. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana gargaɗi a kan tayar da ta wuce shekara huɗu. Lambar kiranta in an yi haɗari ita ce 122, kowa ya rubuta ya ajiye.

In hazo ya riske ku a tsakiyar hanya, kada ku tsaya bisa kwalta. Ku lallaɓa zuwa gari mafi kusa, ku sauka daga hanya sarai, ku nemi mai unguwa ko dagaci. Ba a taɓa rasa zauren da baƙo zai kwana a ƙasar nan ba. In mota ce ta lalace, a tura ta gefe, a sa alamar nan mai kusurwa uku can baya da nisa, mutane kuma su fita su tsaya nesa da hanya.

A masauki ma akwai abin tsoro. Kada a shiga da kaskon gawayi ɗaki a rufe ƙofa da taga a kwanta, kada kuma a kunna janareta cikin zaure ko kusa da taga. Gawayi da janareta suna fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, mutum yana barci za ta kashe shi. A ji ɗumi a waje, a kashe wuta, a shiga da bargo. Mawaƙi kuma ya rufe hanci da baki da rawani ko ƙyalle a hanya, ya riƙa shan ruwa, gama ƙurar nan tana busar da maƙogwaro, muryarsa kuwa ita ce jarinsa.

Wani zai ce, ai in kwana ya ƙare ko a ɗaka ma sai a mutu. Gaskiya ne. Amma duk wanda ya faɗi haka, da dare ya kan kulle ƙofarsa, ya kan ɗaure akuyarsa. Shugaban da ya ɗebi 'ya'yan mutane goma ya sa a mota, amana ya ɗauka, iyayensu kuwa shi za su tambaya.

To jama'a, abin da mu ke so ku koma da shi gida ke nan. Ku saurari labarin yanayi tun saura kwana biyu. Ku zaɓi alamunku biyu cikin makon nan. Ku rubuta takarda kafin ku karɓi kuɗi. Wanda bai gane yadda a ke rubuta ta ba, ya zo aji ran karatu, mu rubuta tare a allo, kowa ya kwafa.

Allah ya kiyaye hanya, ya ba da sa'ar sana'a, ya kai mu bazara lafiya. Wassalamu alaikum.